Gugar Batir

Shekara ashirin da shida ina riƙe da makullan kamfanin. Kwamfuta ake haɗawa a ciki. Ban taɓa kunna ko ɗaya ba, ban kuma ga abin da hakan ya rage mini ba. Duk abin da ya shiga da duk abin da ya fita ta gabana ya bi, don haka na san kamfanin fiye da masu kwat ɗin da ke zaune a bene.

Ƙarfinsa sauri ne. Ba shi da sito, ba ya ajiye komai. Tirela ta sauke allo da fanka da batir ran Litinin, ran Laraba sun zama kwamfuta a kwali sun kama hanyar jirgin ruwa. Ba a ɗaure ko noti ɗaya sai an riga an sami mai saye. Shi ya sa kayansa suka fi na kowa araha, kuma ba sa tsufa a hannunsa. Kamfani uku masu irin sana'ar suka mutu a kan idona. Ma'aikatansu sun zo sun yi layi a ƙofata da takardu a hannu, na sallami mafi yawansu.

Matsalar ita ce, in aka kawo mana kaya marar kyau, babu na canji a ko'ina cikin ginin. Batir daga masana'anta ɗaya tak yake zuwa, ta wani mutum a hayin teku da ya yi ta karya farashi har sauran suka daina zuwa. In motarsa ta makara da yini ɗaya, mutum ɗari huɗu za su zauna suna kallon juna. Ga shi kamfanin yana da wasu masana'antu biyu irin tamu a wasu ƙasashe, kuma akwai allo a bangon zauren aiki da ke nuna wadda ta fi sauri. Wadda bel ɗinta mai tafiya da kaya ya tsaya, a kwashe aikinta a ba 'yar'uwarta. An taɓa yi wa ɗaya daga cikinsu, ta yi wata takwas a rufe. Kowa ya san labarin. Saboda haka jan maɓallin da ke tsayar da bel, ma'aikata da kansu suka kifa masa gwangwanin madara suka naɗe da salatif, kada wani ya jingina da shi bisa kuskure.

Zauren yana da manyan ƙofofi huɗu. Uku na sa wa sarƙa da kwaɗo ta waje tun shekarar da aka yi ta fitar da kaya a cikin safa da ƙasan kwanon abinci. Shawarata ce. Sata ta tsaya cak, aka ba ni agogo a gaban kowa. Ta huɗun tana da ƙarfe mai juyawa, mutum ɗaya-ɗaya, a laluba shi sannan ya wuce. Sai wata 'yar ƙaramar ƙofa ta masu gadi, da siririn lungu a bayanta, wadda ni kaɗai nake bi.

Mutum biyu nake da su a ciki. Auta, 'yata ta ƙarshe, ita ce mai gwaji. Ɗakinta na gilashi ne a tsakiyar zauren, kuma kwali ba ya fita sai da hatiminta. Da su uku ne a aikin, kamfani ya sallami biyu don rage kashe kuɗi. Na biyun Dogo, ɗan ƙanwata, wanda ya tashi a gidana tun rasuwar ubansa. Shi ne shugaban layi na biyu. Tare suka yi rarrafe, tare na yi musu bulala.

A satin da nake magana, an yi odar kwamfuta dubu arba'in don makarantun wata ƙasa, jirgi zai tashi ran Juma'a. Ran Litinin aka buɗe akwatunan batir aka tarar kusan rabi sun kumbura kamar burodi. In an sa a ciki, murfin kwamfutar ba ya rufuwa. Aka buga wa mutumin hayin teku, ya ce sabo sai nan da sati biyar.

Dogo ne ya kawo dabara. Ya ɗauko ƙarfen matsi irin na kafintoci daga ɗakin gyara, ya sa batir tsakanin katako biyu, ya murɗa a hankali har ya kwanta. Murfi ya rufu. Aka yi masa tafi. Kafin la'asar an jera ƙarfen matsi goma sha biyu a bayan layinsa, aikin har ya sami suna: guga.

Ran Talata da hutun rana suka zo ɗakin gadi cin abinci kamar kullum. Dogo ya haye bakin taga. Auta ta ajiye mini kwanona, nata ko buɗewa ba ta yi ba.

"Kawu, ka yi wa matar nan tawa magana," in ji Dogo. "Tun jiya take hararata kamar na ci mata kaza."

"Allah ya tsare ni da auren falwaya," ta ce. "Baba, tambaye shi me yake yi a bayan layi."

"Guga nake. Laifi ne namiji ya iya guga? Ke da ɗankwalinki ma ba kya gogewa."

Ba ta yi dariya ba. Ta sa hannu cikin riga ta fito da batir ɗaya, ta ajiye kusa da kwanona.

Na ce, "Ta ina wannan ya fito?"

"Ta ƙofarka."

"Wa ya laluba ki?"

"Wa zai laluba 'yar Baban Ƙofa? Taɓa ka ji."

Na taɓa. Da ɗumi, kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai yanzu. An goge shi jiya, ga shi gefe ɗaya ya fara ɗagowa.

"Iska ce ta taru a ciki," ta ce. "In ka matse ba ta fita, fatar da ke raba cikinsa ce take tsagewa. Wannan a cinyar yara za a ɗora shi. Ba zan buga hatimi ba."

"Dubu tara muka goge," in ji Dogo da abinci a baki. "Ɗaya ya yi tari? Ke dai kin yi karatu ya yi miki yawa."

"Kai kuma naka ya tsaya a hanya."

Na ɗauke batirin na jefa a durowa na kulle. Na ce mata in ta sake fito da kayan kamfani ta ƙofata, ni zan rubuta sunanta da hannuna. Abin da na ce ke nan. Kan batirin ban ce komai ba, ba aikina ba ne.

Da yamma Manaja ya sauko da kansa. Mutum ne mai ladabi, bai kai arba'in da biyar ba, kullum sai ya gaishe ni da hannu biyu.

"Baba, ka san yadda muke," ya ce. "Ba mu fi kowa iya haɗa kwamfuta ba. Abin da muka fi su shi ne, in muka ce Juma'a, Juma'a ce. Ranar da muka saɓa, mun zama kamar kowa, kuma kowa ya fi mu sito."

"Ka karɓi hatimin ka ba wani."

"Lambarta ce a jiki, ita masu sayen suka sani. A canza mutum sai an yi sati biyu ana cike takardu. Ni ma ɗan aike ne, Baba. In jirgin nan ya tashi babu kayanmu, ran Litinin za ka kulle ƙofar nan ka tafi gida da makullan."

Washegari da safe muna tafiya tashar mota ni da ita, na ce, "Ki buga."

"Baba."

"Kamfanin nan ya biya makarantarki. Ya yi jinyar uwarki har ta cika. Mutum ɗari huɗu ne a bayanki. In batir ya lalace a can, masu kwat su ji da shi. Ki buga."

Tunda aka haife ta ban taɓa faɗin magana sau biyu ba. Ta yi tafiya kamar taku goma, sannan ta ce, "Ka yafe mini." Ta shiga mota ta zauna nesa da ni.

Ƙarfe goma saura na ji abin da ban taɓa ji da rana ba a shekara ashirin da shida. Shiru. Bel ya tsaya. Daga baya aka gaya mini ta tarar ana loda kwalaye a tirela babu hatimi, da niyyar a buga daga baya, sai ta je ta yage salatif ɗin ta cire gwangwanin ta danna.

Waya ta yi ƙara a ɗakin gadi. Manaja ne, ladabin ya tafi.

"Rufe ƙofa. Kada kowa ya fita, kada waya ko batir ɗaya ya bar ginin nan sai na sauko."

Na kulle ƙarfen mai juyawa. Na bar Kofur, abokin aikina, tsohon soja mai ɗingishi, a bakin babban get. Sai na ji hayaniya ta taso daga ciki, irin ta kasuwa in an kama ɓarawo. Na ɗauki kulkina na bi ta ƙaramar ƙofa.

Sun kewaye ɗakin gilashin. Auta na ciki ta kulle kanta, tana tsaye da hatimin a dunƙule a hannu. A gaba akwai wata mai cika kwali da ake kira Barkono, mace mai 'ya'ya shida da miji a kwance, tana dukan gilashin da tafin hannu.

"Fito, 'yar gata! Ubanki na da albashi, ke kina da albashi, mu mu ci ƙasa? Dubi allo! Dubi allo, sun wuce mu!"

Kowa ya ɗaga kai. Lambarmu ta koma ja, ta sauran biyun tana hawa.

Wani ya jefa sukudireba. Wani ya jefa kujera. Gilashin ya yi zane bai faɗi ba. Na kutsa ina ture mutane da kafaɗa, ina cewa a ba ni hanya. Da can in na yi gyaran murya zauren nan kan yi tsit. Ranar ko juyowa ba su yi ba.

Sai Direba, wani ƙato da ke tuƙa motar ɗaga kaya, ya taho da motar. Mutane suka dare. Ya saita ƙahonninta biyu ya daki bangon gilashin, gaba ɗaya ya zubo kamar ruwa. Auta ta kare fuska, gilashi ya yanka mata hannu da goshi. Kafin ta miƙe sun shiga. Barkono ta damƙi ɗankwalinta da gashin duka ta jawo ta waje a kan fasassun gilasai.

"Kawo!"

Ta ƙi buɗe hannu. Ta dunƙule jikinta a ƙasa, hannun a ƙarƙashin ciki. Suka yi ta shuri. Mata ne da maza, waɗanda suka ci abinci a bikin yayarta, waɗanda na sa wa hannu aka ɗauke su aiki. Direba ya sauko ya juya ta da ƙafa, ya jawo hannun, ya take shi da takalmin aiki mai ƙarfe a baki. Na ji ƙarar yatsun daga inda nake.

Shekarata sittin da takwas. Na isa gare shi, na ba shi kulki a gefen muƙamuƙi da duk abin da ya rage a jikina. Haƙoransa suka watsu a kan bel. Bai faɗi ba, sai da na ƙara masa a gwiwa. Wani ya maka mini katako a gadon baya, na juya na fasa masa hanci, ban ma ga ko wane ne ba. Na tsaya a kanta ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ina kaɗa kulkin.

"Wanda uwarsa ta gaji da shi ya matso."

Suka ja baya taku biyu, ba su fi haka ba. Wasu sun ɗauko ƙarafa daga ɗakin gyara. Na ga idanunsu na san ba zan kai minti biyu a tsaye ba. Manaja yana saman matakala da waya a kunne, bai sauko ba.

Dogo ne ya haye teburin guga yana buga ƙarfe a kan ƙarfe. Rigarsa a yage, leɓensa na jini. Ashe tun ɗazu yana ta faɗa ta ɗaya gefen don ya iso wurinta.

"Ku saurara! Ku saurara, don Allah! Mahaukata ne ku? Ƙanwata ce! In kun kashe ta wa zai buga muku?" Ya juyo wajenmu. "Auta, kina jina? Tsoro ne kawai ya kama ki. Bari in nuna miki a gaban kowa, in kin gani da idonki sai ki buga mu koma aiki, kowa ya tafi gida lafiya. Kawu, ka ce ta duba."

So yake ya janye idonsu daga kanta, kuma ya janye. Duk suka juya. Ya zaɓi batirin da ya fi kowanne kumburi ya ɗaga sama, ya sa tsakanin katakon, ya murɗa. Ya kwanta.

"Kun gani? Wannan ita ce gugar da muka saba. Yanzu ga ta sallah." Wasu suka yi dariya. Ya ƙara murɗa ɗaya. Ya ƙara wata, ya sunkuyo yana kallo, yana murmushi da jinin a baki.

Abin ya yi tsaki. Farin hayaƙi ya fito ta gefe, sannan wuta ta yi tsiri kamar ta mai walda, ta same shi a fuska da wuya. Ya yi baya ya faɗa kan akwatunan da aka goge jiya, suka kife. Batirin da ke ci ya faɗa cikinsu.

Ban taɓa ganin wuta irin wannan ba. Ba ta ci kamar ta itace, harbi take. Ɗaya ya fashe ya kunna na kusa da shi, suna tashi sama suna faɗowa kan mutane da kan kwalaye. Wani ya kwara bokitin ruwa, ta yi kamar an zuga ta. Wani ya fesa tukunyar kashe gobara har ta ƙare, wutar ta lafa ta sake tashi. Hayaƙin yana da ɗaci, shaƙa ɗaya sai ƙirji ya kulle. Na hango Dogo ya miƙe gashinsa na ci, yana laluben hanya da hannu biyu, ya nufi inda wutar ta fi yawa. Na kira shi. Bai ji ba.

Mutum ɗari huɗu suka ruga ƙofa ɗaya, wadda na kulle da hannuna.

Na tsuguna na ɗauki Auta. Ba ta motsi. Na saɓa ta a kafaɗa na nufi ƙaramar ƙofa, na buɗe na shiga lungun. Wasu suka gani suka juyo da gudu. Lungun bai fi faɗin mutum ɗaya ba, ga matakala uku a tsakiya, ga ni da kaya a kafaɗa da ƙafar tsoho. In suka shigo a bayana za su bi ta kanmu. Na tura ƙofar da baya. Hannu ya shigo ta tsakani, hannun mace da awarwaro biyu.

"Baba! Baban Ƙofa, don girman Allah! 'Ya'yana!"

Muryar Barkono ce. Na daki hannun da kulki sau biyu, ya janye. Na murɗa makulli.

Na fito fili na kai Auta gindin famfon da ke kusa da get na shimfiɗe ta. Fuskarta duk jini, leɓenta ya yi toka-toka. Na kara kunne a hancinta ban ji komai ba. Na buɗe famfo na watsa mata ruwa, na danna ƙirjinta kamar yadda aka taɓa nuna mana. Ta bayana ana dukan ƙofofin nan uku daga ciki, sarƙoƙin suna ƙara, ana kiran sunana.

Kofur ya iso yana jan ƙafa. "Makullai! Kawo makullan in buɗe!"

Makullan suna ɗaure da sarƙa a ɗamarata. Kwance ɗamara bai kai a ƙirga biyar ba. Amma sai na ɗauke hannu daga ƙirjinta, kuma tunda aka ba ni makullan nan ban taɓa miƙa wa wani ba, ko ranar da aka binne matata suna jikina. Na ce masa, "Ina zuwa." Na ci gaba da dannawa.

"Mutane na mutuwa, tsohon banza!"

Ya kai hannu ɗamarata, na ture shi da gwiwar hannu ya faɗi zaune. Ya tashi ya ɗauki dutse ya tafi yana dukan kwaɗo. Kwaɗon nan ni na zaɓe su. Dutse ba ya yi musu komai.

Auta ta yi tari. Ta yi amai, ta ja numfashi mai ƙara, ta sake ja. Na juya ta a kan gefenta, sannan na tashi na ruga.

Ƙofar farko da na zare sarƙa, mutane suka zubo kamar an kwance buhu, na ƙasa ba sa motsi, na sama suna taka su. Suka bi ta kaina, haƙarƙarina biyu suka karye a nan. Na rarrafa na tashi na buɗe ta biyu. Ta uku ƙarfen ya yi zafi har fatar tafina ta manne a jikin kwaɗon, kuma da ta buɗe babu wanda ya fito sai hayaƙi.

Mutum tara. Shida a bakin ƙofofi, biyu a gaban ƙarfe mai juyawa, sai Dogo, da aka gane da ƙaramin makullin ɗakin gyara a wuyansa. Barkono ta rayu da karyayyen hannu. Ta ba da shaida a kaina, kuma duk abin da ta faɗa gaskiya ne.

Masu bincike suka zaunar da ni suka kunna mini hoton kyamarar get. Ga ni a tsugune gindin famfo, ga agogo yana tafiya a kusurwa. Suka tambaye ni ko ina da abin cewa, na ce abin da suka gani shi ne. Suka karɓi makullan suka sa a leda. An ce in jira sammaci.

Kamfanin bai yi kwana takwas ba ya mai da odar zuwa ɗaya daga cikin masana'antun nan biyu. Jirgi ya tashi daga can, an ce da sati ɗaya kawai ya makara, har masu sayen sun yaba. Batirin daga wurin mutumin hayin teku ne dai, tunda babu wani. Ban sani ba ko su ma can sun iya guga.

Auta ta yi kwana goma sha ɗaya a asibiti ba ta magana sosai, hayaƙin ya ƙona mata maƙogwaro. Yatsu uku aka ɗaure mata da ƙarfe, ɗayan hannun kuma ɗinki ne har gwiwar hannu. Kullum da safe nakan zo in zauna a kujerar gefen gadonta har a kore mu. Ƙanwata, uwar Dogo, takan aiko mata da abinci ta hannun maƙwabciya. Ni ba ta aiko mini da ko kalma ba, ban kuma je ba tun ranar jana'iza, da ta ce in tsaya daga waje.

Ran na goma sha biyu Auta ta ce, da muryar da ban gane ba, "Kofur ya zo jiya bayan ka tafi."

Na ce, "To."

"Minti nawa, Baba?"

"Shida."

"Likita ya ce suma na yi. Ya ce ko ba a taɓa ni ba zan farfaɗo."

"Likita bai ga leɓenki ba."

"Da ka ba shi makullan."

"Da na ba shi."

Ta daɗe tana kallon silin. Hawaye ya bi ta gefen ido ya shiga kunnenta, ba ta da hannun sharewa, ni kuma ban share mata ba.

"In aka sake mai da kai wurin?"

"Zan ba shi makullan. Hannuna ɗaya zai tsaya a kanki."

"In sai da hannu biyu za a kwance?"

 Ta juyo ta dube ni, ta ga amsar a fuskata, ta mai da fuskarta bango. Muka zauna haka har mai shara ta zo ta share ƙarƙashin gadon ta wuce.

Can ta ce, ba ta juyo ba, "Ƙishirwa nake ji."

Na zuba ruwa a kofi da hannun da bai ƙone ba. Na tallafo kanta, na kai mata baki. Ta sha rabi, ta huta, ta shanye sauran.